Allura Uku da Numfashin Malama

Mai Kekuna ba ya fara gyara da hannu, da kunne yake farawa. Idan tela ya kinkimo kan keken ɗinkinsa ya kawo, yana haki yana zayyana abin da ya same shi, sai tsohon ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bari keken ya faɗa da bakinsa." Sai ya ɗora shi a kan tebur, ya maƙala bel, ya sa ƙyalle ƙarƙashin allura, ya ce, "Taka min in ji." Daga nan ya runtse ido, ya juya kunnen hagu wajen keken, don shi ne mai kyau. Kafin telan ya kai ƙarshen ƙyallen ya riga ya san inda ciwon yake, ko wani haƙori ne ya cinye, ko wani abu ke gogar wani, ko kuwa mai keken ne kawai ke rowar mai.

Shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki a shago guda, wani ɗan tsukin ɗaki tsakanin mai aski da mai buga takardu. Idan ya miƙa hannu biyu yana taɓa bango da bango. Kawunan kekuna jere a kan kanta har sama, wasu an gyara ana jiran masu su, wasu kuma masu su sun mutu ko sun bar sana'ar, shi kuwa ya kasa zubarwa. Rigarsa kullum warin mai take yi, haka hannunsa ko da ya wanke da sabulu sau uku.

Duk cikin kayan shagon babu abin da yake ji da shi kamar wasu 'yan sukudirebobi guda biyar masu ƙotar katako, naɗe cikin tsohon ƙyalle mai laushi. Na maigidansa ne, wanda ya koya masa aiki. Ranar da tsufa ya hana maigidan aiki ya miƙa masa su. Ƙaramar cikinsu bakinta bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma har yau bai ga irinta a kasuwa ba.

A shagon nan ya fara ganin Malama. Lokacin sabuwar malama ce a makarantar firamare, aka aiko ta da keken ajin koyon ɗinki. Ya ce mata ta taka ya ji, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ni ba tela ba ce. Kai aka ce injiniya ne." Tun daga ranar take kiransa Injiniya, har bayan sun yi aure, har bayan sun haifi 'yarsu tilo, wadda suke kira Auta ko da yake ita ce ta fari.

Malama mace ce mai faɗa, amma faɗanta irin na ruwan sama a kan kwano ne, ƙara da yawa, na cikin ɗaki ba ya jiƙa. Takan faro daga takalmin da ya bari a kan tabarma, ta bi ta kan tawul ɗin da ya ɓata da mai, ta gangara kan 'yan'uwansa da ba sa sallama idan za su tafi, ta dawo kan takalmin, duk ba ta tsaya ba. Shi kuwa yana zaune yana kurɓar shayinsa yana gyaɗa kai. Maƙwabta suna cewa mutumin nan akwai haƙuri. Ba su san daɗi yake ji ba.

Shekara talatin da uku ta yi tana shaƙar ƙurar alli a gaban allo. Tana gab da barin aiki sai aka buɗe kamfanin siminti a bayan unguwarsu. Wata farar toka ta riƙa sauka a kan taga, a kan ganyen itatuwa, a kan shanyar da aka manta a waje. Abin da Mai Kekuna ya fara lura da shi ba tari ba ne, faɗan ne ya fara gajarta. Sai ta ce, "Injiniya, sau nawa zan gaya maka..." sai ta tsaya, ta dafa ƙofa, ta yarfar da hannu ta bar maganar. A ƙarshen kowane numfashi yana jin wani siririn fito, kamar bel ɗin da ya saki yana zamewa.

Likitar ƙirji ta daɗe tana duban hoton da aka ɗauka kafin ta yi magana. Ta ce magani zai riƙe ta, amma ba zai sauya iskar da take shaƙa ba. Idan da hali su bar garin, su nemi inda iska ke da tsabta, ko da bakin teku ne.

Auta tana aiki a wani kantin magani a babban gari. Ƙarshen makon nan ta zo da wayarta cike da hotuna. Ta yi bincikenta, ta tace garuruwa har suka rage uku. Suka zauna a falo tana nuna musu ɗaya bayan ɗaya, Malama ta saka tabarau tana raɗa musu suna yadda take raba 'yan aji rukuni-rukuni.

"Wannan Garin Jirage. Wannan mai fararen otal-otal Garin Baƙi. Wannan kuma ko a hoto warinsa nake ji, Garin Kifi."

"Mama, ba wasa na zo yi ba."

"To wa ya ce wasa ne? Tambayi babanki. Shi ne injiniya."

"Baba, wanne ka gani?"

Mai Kekuna ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da fuskarsa. Ba gidajen yake kallo ba, rufinsu yake kallo, da ƙarafan tagogi. Shekarun baya wani tela ya kawo masa keken da ya yi shekara biyu kacal a bakin teku. Da ya buɗe cikinsa sai ya tarar da shi ja wur, kamar an barbaɗa garin barkono. Ya san abin da iskar gishiri ke yi wa ƙarfe. Ya kuma san cewa idan aka raba shi da ƙarafansa, to ya zama tsohon da zai tashi da safe ba shi da inda za shi.

Bai faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Cewa ya yi, "Hoto ba ya nuna inda rufi ke yoyo. Bari in je in gani da idona tukuna."

Da safen da zai tafi ya biya shago. Ya buɗe sabon kwalin allurai ya zaro uku, ya wanke su da sabulu har ɗan man da ke jikinsu ya fita, ya shanya, sannan ya soke kowacce a jikin farin ƙyalle. Dabararsa ita ce ya bar guda a kowane gari, bayan mako uku ya koma ya gani. Inda allura ta fi tsira daga tsatsa, nan kayan aikinsa za su rayu. Ya gaya wa kansa cewa ai duk garuruwan ukun a bakin teku suke, duk wanda aka zaɓa Malama ta samu abin da likita ta ce. Ya kusa yarda da wannan maganar.

Garin Jirage babban gari ne. Manyan motoci na ta kai da kawowa tsakanin tashar jiragen ruwa da babbar hanya, dare da rana, suna fesa baƙin hayaƙi. Gidajen da ƙarfinsu zai kai suna can kan tudu a bayan gari, inda teku ba ta wuce wani siririn zare mai ƙyalli a nesa ba. Amma a unguwar akwai layin teloli, shago ya fi talatin. Mai Kekuna ya tsaya a bakin layin ya runtse ido. Cikin wannan hayaniya ya tsinkayo keke huɗu da ke buƙatarsa. Zuciyarsa ta yi fari.

Ya shiga wajen wani tela da ake kira Dogo, mutum mai surutu da fara'a, ya daidaita masa zaren ƙasa na kekensa kyauta, sannan ya ba shi ƙyallen.

"Ka maƙala min a taga. Kada a taɓa, kada a shafa mata mai. Zan dawo."

Dogo ya juya ƙyallen gaba da baya. "Baba, Allah ya sa dai ba wani haɗi ba ne."

"Awo ne."

"Awon me da allura?"

"Awon garinku."

Garin Baƙi kuwa tsaf yake, ga furanni, ga fenti sabo. Ya yi yawo tun safe har rana ta take bai ji ƙarar keke ko ɗaya ba. Duk tufafin da ke kantuna ɗinkakku ake kawo su. Ya bar allurar wajen mai gadin wani otal don kada a ce bai yi wa garin adalci ba.

A Garin Kifi hanya ke ƙarewa. Motar ta sauke shi gaban rumfar masu gyaran raga, ta juya. Abin da ya fara gani shi ne ƙofofi. Kusan rabin ƙofofin garin da igiya aka ɗaure su, don tsatsa ta cinye ƙarafan da ke riƙe da su. Ya lashi leɓensa ya ji gishiri. Gidan da ake bayarwa haya yana kan wani ɗan tudu, matakala ashirin da uku daga hanya, ɗaki biyu da baranda, tagarsa na kallon ruwa kai tsaye. Iska na shigowa ta gaba ta fita ta baya ba ta tambayi kowa ba.

Mai gidan wata dattijuwa ce da kowa ke kira Gwaggo, tana zaune a sashen ƙasa. Ya same ta tana ɗinka rigar makaranta da hannu. A kusurwar ɗakin akwai wani abu lulluɓe da zane, an ɗora buta a kai. Bai buƙaci a gaya masa mene ne ba. Ya nemi izini ya ɗaga zanen, ya kama kan keken zai juya. Ko motsi.

"Shekara shida da mutuwarsa," in ji Gwaggo. "Ya riga mijina da wata biyu."

Ya mayar da zanen a hankali. Ya ba ta ƙyalle na uku, amma a ransa ya riga ya san amsar.

Bayan mako uku suka taso tare da Malama. Auta ta raka su tasha, ta cusa wa uwarta abin shaƙa guda biyu a jaka, ta ce wa uban, "Baba, kada ka bari ta hau tudu da sauri."

"Ki gaya wa tudun," in ji Malama.

Garin Jirage suka fara zuwa. Mai Kekuna ya so ya saci jiki ya je wajen Dogo shi kaɗai, amma hanyar gidan da za su duba ta layin teloli ta bi. Tun daga nesa Dogo ya hango shi, ya fito da gudu yana kaɗa farin ƙyalle.

"Baba, ga amanarka. Ko ƙuda ban bari ya sauka a kai ba. Sannu da zuwa, Mama. Ai maigidanki awon garinmu yake yi da allura. To Baba, mun ci ko mun faɗi?"

Allurar tana ƙyalli. In ban da wani ɗan ɗigo kusa da kafarta, kamar yau aka zaro ta daga kwali. Malama ta karɓi ƙyallen ta kai shi kusa da tabarau. Shekara talatin da takwas tana zaune da mai gyaran ƙarfe, ba sai an yi mata bayani ba.

"Guda nawa ka raba?"

"Uku."

Ta ninke ƙyallen ta miƙa masa. Ya jira faɗa, faɗa bai zo ba.

Gidan da ke kan tudu ba shi da laifi. Ɗakuna masu faɗi, famfo a ciki, har da wani ɗan ɗaki a bakin ƙofa da zai yi shago. Ta tagar baya ana jin gurnanin manyan motoci suna hawa. Ya shafa yatsa a bakin tagar, yatsan ya fito baƙi, ya goge a wandonsa da sauri.

Malama ta zagaya ko'ina tana yabo. "Gidan ya yi. Asibiti kusa. Kasuwa kusa." Ta ɗan dakata. "Ga shagonka. A nan za mu zauna."

Ta ce bari ta duba kicin. Ta shiga ta turo ƙofa, sai ya ji ta buɗe famfo har ƙarshe. Ruwa na dukan kwano da ƙarfi. Wani zai ce gwada famfon take. Amma shi mutum ne da ke tsinkayo keke huɗu cikin talatin. A ƙarƙashin ƙarar ruwan ya ji tarin, wanda aka danne da gefen mayafi, ya ji tsit, sannan ya ji 'yar ƙarar abin shaƙa sau biyu. Ta fito tana goge hannu.

"Ruwan ma da ƙarfinsa," ta ce. "Ba sai mun wahala zuwa sauran ba."

Gaskiyar magana, ya so ya ce to. Yana tsaye a ɗan ɗakin bakin ƙofa, ya riga ya ga inda tebur zai zauna, inda kanta za ta hau, inda hasken safe zai sauka a kan aiki. Ita da kanta ta zaɓa, ba wanda zai ce shi ya tilasta. Ya daɗe yana kallon bangon.

"Na bar wa mutane ajiya," ya ce. "Ba kyau in ƙi komawa."

A Garin Baƙi ba su yi awa ɗaya ba. Mai gadin ya ce maɓallin rigarsa ne ya cire, ya ari allurar ya ɗinke, daga nan bai san inda ta shiga ba. Malama ta ce to garin ya faɗi jarrabawa tunda bai kawo takardarsa ba.

Sun isa Garin Kifi da hantsi. Sai a nan suka ji cewa motar da ke fita ba za ta dawo ba sai jibi. Malama ta tsaya ƙasan matakalar ta ɗaga kai ta ƙirga, ta harare shi, ta fara hawa. Sau uku ta tsaya kafin ta kai sama.

Gwaggo ta kawo musu ruwa, sannan ta ciro ƙyallen daga jikin taga. Farin ƙyallen ya yi jan tabo mai faɗin tafin yaro. Mai Kekuna ya kama allurar da yatsa biyu zai zare ta, sai ta karye, rabi a hannunsa rabi a cikin ƙyallen. Gwaggo ta dube shi ta dubi matarsa, ta ce bari ta je ta duba tukunyarta.

Ranar nan Malama ba ta yaba komai ba. Ta ce kujerun da ɗanshi. Ta ce gishiri ya sa gashinta ya yi tauri. Bayan sun ci abinci ta kwanta a doguwar kujera kusa da taga wai za ta ɗan miƙe bayanta, barci ya kwashe ta har rana ta yi sanyi. Rabon da ta yi barcin rana a kwance, ba a jingine da matashi uku ba, har ya manta. Ya jawo kujera ya zauna daga gefen da kunnen hagu zai fuskance ta. Fiton yana nan, amma ya yi nisa, kamar daga gidan maƙwabta yake zuwa.

Washegari suka sauka suka zagaya garin, wanda bai ɗauke su rabin awa ba. Suka ga ɗakin shan magani mai gado huɗu, da kanti ɗaya, da masunta suna jan kwalekwale kan yashi. Da suka dawo ta hau matakalar tana mita, ta tsaya sau ɗaya.

Da yamma suna zaune a baranda, shayi a tsakaninsu, ya kalli rufin ya ce, kamar da kansa yake magana, "Gidan nan fa ba laifi."

Malama ta ajiye kofinta.

"Ba laifi? Injiniya, ka dube ni da kyau, garin da ƙofa ba ta tsayuwa sai an ɗaure ta da igiya kamar akuya shi ne ba laifi, garin da mota ke zuwa ranar da ta ga dama, kanti ɗaya tal kuma mai shi kurma ne sai ka yi ihu kafin ya ba ka ashana, tun jiya duk abin da na taɓa kifi yake wari har matashin da na kwanta a kai, ga matakala kamar za a hau sama a gaida taurari, idan Auta ta zo da kaya wa zai hau mata da su, kai da gwiwarka ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, kuma ka gaya min keke nawa ne a garin nan gaba ɗaya, ni na ƙirga, uku na gani kuma ɗaya buta ce a kansa, ka zauna ka yi me, ka riƙa ƙirga igiyar ruwa, mutumin da ko ranar hutu sai ya je ya buɗe shago wai ya ga ko kekunan sun kwana lafiya, sannan ka zo kana ce min ba laifi, kuma dubi inda ka ajiye takalminka, a kan tabarmar mutane..."

Sai a nan ta lura. Idonsa a runtse, kunnen hagu a wajenta.

"Me kake yi? Ni kake yi wa taka min in ji?"

Ya buɗe idanunsa. Sun ɗan yi ja.

"Shekara huɗu," ya ce. "Shekara huɗu rabon da ki kai kan takalmin nan ba ki tsaya a hanya ba."

Ta ɗora hannu a ƙirjinta kamar mai laluben abin da ya ɓace a aljihu.

"A wancan gidan kalma uku-uku kike yi," ya ce. "Kuma famfon da kika buɗe bai kai tarinki ƙara ba."

"Kai dai ba a ɓoye maka komai. Mutum ba shi da sirri a gidansa."

"Kin ga allurata, na ji famfonki. Mun yi daidai."

Ta juya ta kalli ruwa. Can ƙasa wasu mata na kwashe kifin da suka shanya. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Kayan maigidanka fa? Ka ga abin da mako uku ya yi wa allura."

"Na gani."

"To?"

"Ƙarfe na je aunawa, Malama. Da na tashi yin awon, ke ya kamata in ajiye a taga."

Ta yi dariya ba ta shirya ba, dariyar ta jawo ɗan tari, amma guda ɗaya ne, ya wuce.

"Ba wasa nake ba, Injiniya. Zama ba aiki zai kashe ka kafin ƙura ta kashe ni."

Ya nuna ƙasa da haɓa, wajen ɗakin Gwaggo. "Ga mara lafiya ɗaya yana jirana."

"In ya tashi fa? Sai kuma me?"

"Sai in zauna in ji faɗa."

Ta ɗauki kofinta. Shayin ya huce, amma ta shanye. Can ta ce, "Sai an sauya kujerun nan. Kuma ka gaya wa Auta da bakinka, ni ba zan ce na zaɓi garin da na raɗa wa sunan kifi ba."

Wata biyu bayan haka suka tare. Ya raba wa telolin layinsu tsofaffin kawunan kekuna, ya taho da uku kawai da akwatin kayan aiki. Mai aski ya taya shi rufe shagon, suka tsaya a bakin ƙofa suna maganar farashin kwano har motar kaya ta yi musu oda, don babu wanda ya san yadda ake sallamar shekara arba'in da ɗaya.

Keken Gwaggo kwana goma sha ɗaya ya ci. Ya jiƙa shi da kananzir, ya kwance shi ƙusa-ƙusa, ya goge kowane yanki a kan tabarma. Ranar da ya ce mata ta taka ya ji, sai da ta share hawaye kafin ta ga inda za ta sa ƙafa.

Allurar ba ta yi ƙarya ba. Kullum da safe kafin ya karya sai ya baje kayansa ya shafe su da mai, duk da haka gishiri na samun hanya. Kafin shekara ta zagayo, ƙaramar sukudirebar maigidansa ta karye a cikin wani noti. Ranar bai ci abincin rana ba. Ya zauna a matakala ta sama da ƙotar a hannunsa har inuwa ta juya. Da ya shigo sai ya tarar Malama ta wanke wata kwalbar zuma, ta cika ta da man keke, ta tsoma sauran huɗun a ciki, kai ƙasa ƙota sama, kamar furanni. Har yanzu a nan suke kwana.

Kekunan garin duka biyar ne, ba uku ba, Malama ta yi kuskuren ƙirga. Tsakanin lalacewar wannan da wancan mutane na kawo masa kwaɗon ƙofa, da almakashi, da fitila, har da abin naɗe zaren masu kamun kifi. Wata rana kuma babu mai zuwa. Bai saba da teku ba, kuma ba ya ɓoyewa. Ya ce ƙararta ba ta da tsari, inji ne da ba wanda ya taɓa daidaita shi.

Malama ba ta warke ba. Abin shaƙa na nan a jakarta, kuma idan gari ya yi sanyi tana jin jiki. Amma tana hawa matakala ashirin da uku da kwando a hannu, tana tsayawa ne kawai idan ta ga wanda za ta yi wa gyara.

Da Auta ta zo hutu, ta lura cewa uban nata, mutumin da ke jera ƙusoshi bisa tsawonsu, kullum da safe sai ya cire takalminsa ya ajiye a tsakiyar tabarma, ya gyara masa zama yadda za a gani daga ƙofar kicin. Sannan ya zuba shayi, ya jawo kujera ya zauna.

"Baba, ka san fa za ta yi magana."

Ya ɗora yatsa a leɓe. Daga ciki aka ji an ajiye murfin tukunya, aka ji takun silifa na tahowa.

"Injiniya."

Ya runtse ido, ya juya kunnen hagu.